Kotu ta kira ni aikin taya alƙali, wa zai biya mini kuɗin haya?

Assalamu alaikum Malam. Ni direban tasi ne a birnin Birmingham na ƙasar Ingila, ɗan asalin jihar Katsina, kuma shekarata tara a nan tare da maiɗakina da 'ya'yanmu uku. A makon nan sammaci ya zo mini daga kotu, ana umartata da in je in zauna cikin mutum 12 masu taya alƙali yanke hukunci, wato juri, daga mako na biyu na watan Disamba, an kuma ce in sa ran kwana goma na aiki. Malam, ni ba mai albashi ba ne, ranar da ban tayar da mota ba babu abin da ke shigo mini. Idan kasuwa ta yi daidai ina samun kimanin fam 140 a rana bayan na cire kuɗin mai, amma motar ta haya ce, ina biyan fam 240 duk mako har da inshora, ko na fita ko ban fita ba. Maiɗakina tana aikin kula da tsofaffi, ni ne nake ɗauko yara daga makaranta a ranakun da take bakin aiki, ga kuma ɗan abin da nake aika wa mahaifiyata a gida duk wata. Disamba shi ne watan da muke samun ciniki fiye da kowane wata a shekara. Wani abokin sana'ata ya ce in jefar da takardar in yi kamar ban gan ta ba, wani kuma ya ce in rubuta musu cewa ba na jin Turanci sosai. Zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba, amma kuma ban ga yadda zan biya kuɗin hayar gida a watan ba. Ina neman shawararka.

Daga wani direban tasi, Birmingham

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwana. Allah ya buɗa maka, ya kuma saka maka da alheri kan ɗawainiyar iyali da ta mahaifiya. Zan fara da abin da ya fi gaggawa, domin takardar da ke hannunka tana da wa'adi: doka ta ba ka kwana 7 daga ranar da ta iso ka amsa ta, ko ta intanet ko ta gidan waya. Duk sauran abin da zan faɗa maka ya rataya ne a kan amsa ta cikin wannan lokaci. Wanda ya ƙi amsawa, ko ya ƙi zuwa kotu ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, ana iya cin tararsa har fam 1,000, kuma haka dokar juri ta 1974 ta tanadar wa wanda ya yi ƙarya don ya kauce wa aikin. Shawarar abokanka biyu, ko da da kyakkyawar niyya suka ba ka ita, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Mutumin da ya ci jarrabawar lasisin tasi, yake hira da fasinjoji dare da rana shekara da shekaru, ba zai iya tsayawa gaban alƙali ya rantse cewa ba ya jin Turanci ba, kuma hukuncin kotu abu ne da zai iya biyo ka ranar da za ka sabunta lasisinka a majalisar birni, ko ranar da za ka nemi zama ɗan ƙasa. Zuciyarka da ta ƙi kwanciya ta faɗa maka gaskiya.

Yawancinmu da muka taso a Najeriya ba mu san wannan tsari ba, domin a kotunanmu alƙali ne yake sauraron shaidu ya kuma yanke hukunci da kansa. A Ingila da Wales kuwa, manyan laifuka irin su kisan kai da fyaɗe da fashi ana gurfanar da su ne a gaban mutanen gari 12, su ne suke cewa an aikata ko ba a aikata ba, sannan alƙali ya yanke horo. Kwamfuta ce take zaɓo sunaye ta hanyar ƙuri'a daga rajistar masu zaɓe, kuma duk mai shekara 18 zuwa 75 da ya zauna a ƙasar aƙalla shekara 5 tun bayan cikarsa shekara 13 zai iya faɗowa ciki. 'Yan Najeriya da Ghana da Kamaru masu izinin zama suna da damar shiga wannan rajista saboda ƙasashensu suna cikin ƙungiyar Kwamanwel, shi ya sa sammacin yake iske mutanenmu ko da ba su karɓi fasfon Birtaniya ba. Tun daga shekarar 2004 aka soke yawancin keɓewar da ake yi wa wasu sana'o'i, ta yadda yanzu likita da lauya da ɗan sanda da limami, har da alƙali kansa, duk ana kiransu. Saboda haka kasancewarka mai sana'ar kanka ba zai fitar da kai kai-tsaye ba.

Amma kukan da ka kawo kuka ne na gaskiya, kuma ba zan rufe ka da daɗin baki ba. Kotu ba ta biyan lada kan wannan aiki. Abin da take yi shi ne mayar wa mutum wani ɓangare na abin da ya yi asara, kuma an yi masa iyaka. A kwana goma na farko, iyakar ita ce fam 64.95 a rana idan ka wuce awa huɗu a kotu, ko fam 32.47 idan awa huɗu ka yi ko ƙasa da haka. Daga kwana na 11 ne iyakar take ninkuwa ta koma fam 129.91 a cikakkiyar rana. Ana ƙara fam 5.71 na abinci, wanda da ƙyar yake sayen abincin rana ɗaya a tsakiyar birni, da kuma kuɗin mota: tikitin bas ko na jirgin ƙasa, ko kwabo 31.4 na fam a kowace mil ga wanda ya zo da motarsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne cewa waɗannan alƙaluma ba su motsa ba tun shekarar 2010. A ƙarshen waccan shekarar mafi ƙarancin lada da doka ta yarda a biya babba shi ne fam 5.93 a awa, wato fam 47.44 a yinin awa takwas, ka ga a lokacin alawus ɗin kotu yana rufe asarar ƙaramin ma'aikaci har da rara. A Afrilun 2025 wannan lada ya kai fam 12.21 a awa, wato fam 97.68 a yini. Ma'anar haka ita ce, a yau ko mai shara ko mai wanke-wanke da yake karɓar mafi ƙarancin albashi a ƙasar zai yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin yininsa idan ya amsa kiran kotu kuma mai aikinsa bai biya shi ba.

Bari mu ɗora naka lissafin a kan wannan. Kwana goma a fam 140 ya kama fam 1,400 da ba za su shigo ba. Mafi yawan abin da kotu za ta mayar maka, idan duk ranakun cikakku ne, shi ne fam 649.50. Giɓin ya haura fam 750, kuma daga abin da aka ba ka ɗin fam 480 na mai mota ne na mako biyu, sai ya rage maka abin da bai kai fam 170 ba. Wannan shi ne girman matsalar idan ka shiga aikin a Disamba ba tare da shiri ba, kuma gara ka gan shi a rubuce tun yanzu da ka tarar da shi ranar da mai gida ya zo neman kuɗinsa.

A ganina wannan tsari bai yi adalci ba. Ma'aikacin gwamnati ko na babban kamfani yakan ci gaba da karɓar cikakken albashinsa yana zaune a kotu, ɗan fansho ma fanshonsa ba ya tsayawa, amma direba da mai aski da magini da mai kai saƙo da mai aikin da ake biya da awa, su ne suke biyan kuɗin wannan hidima daga bakin 'ya'yansu. Ba Ingila kaɗai ba ce take da wannan ciwo: kotunan tarayya a Amurka dala 50 suke bayarwa a rana, jihar Kalifoniya kuwa dala 15 ce, ita ma sai daga rana ta biyu. Illar ba ta tsaya kan aljihu ba. Idan masu sana'ar hannu suka yi ta zillewa saboda ba za su iya ɗaukar asarar ba, kujerun nan 12 za su cika da mutane iri ɗaya, alhali an kafa tsarin ne don wanda ake tuhuma ya tsaya gaban mutanen gari kowane iri. Wata rana yaron da zai tsaya a akwatin tuhuma ɗan unguwarku ne, ko direba ne irinka da aka yi wa ƙazafi, kuma zai amfana idan cikin masu sauraronsa akwai wanda ya san yadda aikin dare yake da yadda baƙo yake rikicewa a gaban hukuma. Don haka ina so ka yi aikin, amma a lokacin da ka zaɓa kuma ka shirya masa, kuma doka ta buɗe maka ƙofar yin haka.

Ƙofar ita ce neman a ɗage maka ranar. Kana da damar roƙon a mayar da aikin zuwa wani lokaci cikin watanni 12 masu zuwa, sau ɗaya tak ake yarda, kuma a cikin amsar sammacin ake nema, tare da dalili da kuma ranaku uku da kai da kanka za ka ba da waɗanda za ka iya zuwa. Ofishin tsakiya mai aika sammaci ya fi sauƙin yarda da ɗagewa fiye da yafewa gaba ɗaya, domin ɗagewa ba ta rage musu mutum. Ka rubuta dalilinka a fili ba tare da ƙari ko kuka ba: kai mai sana'ar kanka ne, ba ka da wanda zai tuƙa a madadinka, Disamba ne watan da cinikin shekararka ya fi dogara a kai, kana biyan hayar mota fam 240 a mako ko ka yi aiki ko ba ka yi ba, kuma kai ne kake ɗauko yara daga makaranta a wasu ranaku. Ka haɗa da kwafin yarjejeniyar hayar motar.

Zaɓen ranakun nan uku shi ne wurin da nake so ka zauna da maiɗakinka ku yi nazari sosai, tunda ba za a ba ka dama ta biyu ba. Duk direba ya san ciniki yana faɗuwa bayan bikin Kirsimeti da sabuwar shekara, saboda haka tsakiyar Janairu ne lokacin da yinin da ka rasa yake da mafi ƙarancin daraja, kuma za ka shige shi da ɗan abin da ka tara a Disamba. Sai dai ka tuna cewa 31 ga Janairu ce ranar ƙarshe ta biyan harajin masu sana'ar kansu, don haka idan ba ka riga ka ware kuɗin harajin a gefe ba, nauyi biyu za su haɗu maka a wata ɗaya. Azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne a watannin Fabrairu da Maris, kuma kai ka san ƙarfinka: wani zaman kotu ya fi masa sauƙi da azumi a kan tuƙi, wani kuma ba zai iya tattara hankalinsa kan bayanin shaidu da ƙishirwa ba, ga kuma hidimar Sallah da take cin kuɗi. Ka guji dogon hutun makarantu na ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, domin yara uku a gida yini guda kuɗin renonsu zai fi ƙarfin alawus ɗin. Da ni ne, zan ba da rana ɗaya a Janairu, ɗaya bayan ƙaramar Sallah da 'yan makonni, ɗaya kuma bayan an koma makaranta a kaka. Idan kuna da niyyar tafiya gida ko aikin Hajji a shekarar, ku cire waɗannan makonni tun yanzu.

Akwai kuma neman a yafe maka aikin baki ɗaya. Ana yin haka ne ga mai tsananin rashin lafiya, ko mai jinyar wani cikakken lokaci, ko wanda ya yi aikin cikin shekara biyu da suka wuce, kuma jami'an suna da ikon duba halin mai ƙaramar sana'a da aikin zai jefa cikin ƙunci na musamman. Ba laifi ba ne ka nema idan da gaske lissafinka ya nuna cewa ko da ɗagewar ba za ka iya biyan haya ba, amma hujja suke so, wato bayanan banki da takardar hayar gida da ta mota, kuma abin da aka fi yi wa mai irin uzurinka shi ne a ɗage masa. Idan aka ƙi roƙonka kana da damar ɗaukaka ƙara a rubuce zuwa ga shugaban ofishin da ya aiko maka da sammacin. Ofishin Citizens Advice, mai ba jama'a shawara kan haƙƙoƙinsu, yana taimakawa wajen rubuta irin wannan takarda kyauta.

Da zarar an tsayar maka da rana, sai shirin kuɗi. Mai sana'ar kansa yana cike fom na musamman don neman alawus ɗin asara, kuma ana neman shaidar abin da yake samu, galibi takardar harajinsa ta baya-bayan nan. A nan akwai abin lura, domin kotu tana duba abin da ke rubuce ne, ba abin da mutum ya faɗa da baki ba. Idan ribar da ke cikin takardarka ta haura fam 64.95 a rana, kamar yadda lissafinka ya nuna, za ka iya neman cikakkiyar iyakar, wanda kuwa takardarsa ta nuna ƙasa da haka, abin da ta nuna za a ba shi. Ka nemi takardun nan daga akantanka tun kafin ranar, ka kuma sanar da shi abin da kotu ta biya ka, domin ga mai sana'ar kansa wannan kuɗi yana shiga cikin kuɗin shigar sana'a. Ka duba takardun inshorarka, ta gida ko ta sana'a, saboda wasu suna ɗauke da sashen da ke cike wani ɓangare na asarar aikin juri, kuma mutane da yawa suna biyan kuɗinsa shekara da shekaru ba su sani ba. Idan iyalinka suna karɓar tallafin gwamnati na Universal Credit, aikin juri ba ya taɓa shi a makonni takwas na farko, amma ka sanar da jami'in da ke kula da ku.

Batun mota yana buƙatar lissafi na daban. Ka tambayi masu motar ko za su karɓe ta na mako biyu, ko su rage maka kuɗin, ka nuna musu sammacin. Idan suka karɓa ka tsira da fam 480, amma ka rasa cinikin ƙarshen mako. Kotu ba ta zama Asabar da Lahadi, kuma babu dokar da ta hana ka yin sana'arka a waɗannan ranaku, ko da yamma bayan an tashi, ko a ranar da aka ce ba a buƙatarka. Daren Juma'a da na Asabar su ne mafi albarka ga direba, kuma mai yiwuwa su kaɗai su fitar maka da kuɗin motar. Abin da zan roƙe ka shi ne kada ka tuƙa har asuba a tsakiyar mako sannan ka je ka zauna kana gyangyaɗi a gaban shaidu, domin 'yancin wani bawan Allah da haƙƙin wanda aka zalunta suna rataye a kan abin da kunnenka ya ji, ga kuma haɗarin tuƙi da gajiya a kanka da fasinjojinka. Ka kuma sani cewa rabin aikin nan jira ne: za ka iya yin kwanaki a ɗakin jira ba a kira ka ba, za a iya sallamarka da hantsi a ce ka dawo gobe, kuma a irin wannan rana fam 32.47 ce iyakar, don haka motar da ke kusa tana da amfani. Kafin ka ajiye ta a wurin biya, ka nemi amincewar kotu, in ba haka ba za a iya ƙin mayar maka da kuɗin.

Game da yara, ana iya neman kuɗin renon da aikin kotu ya jawo, amma yana cikin iyakar nan ta fam 64.95, ba a bayar da shi daban. Tunda asarar cinikinka kaɗai ta cinye iyakar, duk abin da kuka biya mai reno daga aljihunku zai fito. Zaman kotu yakan fara da misalin ƙarfe goma na safe, ya kai biyar da rabi na yamma a wasu ranaku, ka ga ba za ka kai ga ƙofar makaranta a kan lokaci ba. Amfanin ɗagewa a nan shi ne maiɗakinka za ta sami watanni na sanarwa, ta nemi a sauya mata jadawalin aiki a makonnin nan biyu ko ta ɗauki wani ɓangare na hutunta na shekara, ko ku shirya da wata maƙwabciya da kuka amince da ita. Tunda kuma ita ma sunanta na iya faɗowa wata rana, ta san haƙƙinta: dole mai aiki ya saki ma'aikacinsa ya je kotu, amma doka ba ta tilasta masa biyan albashin ranakun ba. Idan ba zai biya ba, sai ya cike takardar shaidar asarar albashi a kai wa kotu. Yana iya roƙon ma'aikacin ya nemi ɗagewa idan rashinsa zai cutar da aikin sosai, amma korar mutum saboda ya amsa kiran kotu kora ce ba bisa ƙa'ida ba, ana kai ƙararta kotun ma'aikata, kuma wa'adin shigar da ƙarar gajere ne.

Kwana goman da aka faɗa maka ƙiyasi ne, domin akwai shari'o'in da suke cin makonni ko watanni. Shari'ar almundahanar kwangilar layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Jubilee a Landan ta shafe wata 21 kafin ta rushe a 2005 ba tare da an kai ga hukunci ba, kuma halin da 'yan jurin suka shiga yana cikin abin da ya rushe ta. Irin wannan ba ta cika faruwa ba, amma ta wata ɗaya ko biyu ba baƙuwa ba ce. Idan shari'a za ta yi tsawo, ana sanar da mutane kafin a zaɓe su, a tambayi wanda ba zai iya ba, kuma alƙali ne yake duba uzurin kowa. Wannan ne lokacin magana, kafin a rantsar da kai, domin bayan rantsuwa fita tana da wuya ƙwarai. Kada kunya ko kwarjinin kotu su sa ka yi shiru kamar yadda da yawa daga cikinmu suke yi a gaban manya. Ka riƙe takardunka a jaka kullum, ka rubuta halinka a taƙaice ka miƙa wa ma'aikacin kotu. Duk da haka ka lura cewa daga kwana na 11 iyakar fam 129.91 ta yi kusa da abin da kake samu a yini, saboda haka ga mai samu irin naka makonni biyun farko ne suka fi ciwo, kuma su ne ya kamata ka yi wa tanadi.

Akwai wasu 'yan abubuwa da suka shafi sana'arka da addininka. Direba mutum ne mai hira, amma haramun ne a doka ka tattauna shari'ar da kake ciki da fasinja ko a zauren WhatsApp na direbobi, har ma da iyalinka, haka kuma neman bayanin wanda ake tuhuma a intanet laifi ne da ɗaurinsa zai iya kai shekara biyu. A 2011 an ɗaure wata 'yar juri wata takwas saboda ta tuntuɓi wadda aka gurfanar a shari'ar ta hanyar Facebook. Idan ka ga fuskar da ka sani, ko da fasinjan da ka saba ɗauka ne, ka faɗa wa ma'aikacin kotu nan take. Musulmi yana da damar yin rantsuwarsa da Alƙur'ani, ko ya yi alkawari ba tare da littafi ba. Ka sanar da jami'in da ke kula da 'yan juri tun ranar farko cewa kana buƙatar wurin salla, ka kuma tambaye shi yadda za a yi da Juma'a, tunda hutun rana yakan kasance tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu.

Giɓin da ya rage bayan duk wannan, tanadi ne zai cike shi. Idan aka ɗage maka da wata huɗu, fam 45 a mako zai tara maka kusan abin da za ka rasa. Idan kana cikin adashi, ka roƙi abokan zubi su sa kwasarka ta faɗo a watan, uzuri ne da kowa zai fahimta. Mahaifiya kuwa ka kira ta da kanka tun da wuri, ka bayyana mata cewa hukuma ce ta kira ka wani aiki na wajibi, ba wani laifi ka yi ba, domin jin kalmar kotu kaɗai zai iya hana ta barci, sannan ka faɗa mata cewa saƙon watan zai iya raguwa ko ya ɗan makara, ka kuma nemi 'yan'uwanka su taimaka a wannan karon. Bayan ka gama aikin, ina ƙarfafa maka gwiwa ka rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarka lissafin asarar da ka yi da alƙalumanta, saboda gwamnati ce take da ikon sauya wannan iyaka da ta tsaya tun 2010, kuma wasiƙar wanda abin ya shafa ta fi kowane bayani nauyi a wurinsu.

Ka adana kowane tikiti da rasit tun daga ranar farko, ka riƙa rubuta lokacin da ka shiga kotu da lokacin da aka sallame ka kowace rana. Ana karɓar takardar neman kuɗin har tsawon wata 12 daga ranar da ka fara, amma kai ka miƙa taka da zarar ka kammala, domin kuɗin yakan ɗauki kwana 7 zuwa 10 na aiki kafin ya shiga asusu bayan an miƙa ta. Wannan yana nufin za ka iya yin kusan wata guda daga ranar farko ba ka ga ko kwabo daga kotu ba. Idan ranar biyan hayar gida ta faɗo a wannan tsakani, ka sanar da mai gidan a rubuce tun da wuri, ka kuma tabbata kuɗin hayar watan yana ajiye kafin ka taka ƙofar kotu. Idan shari'ar ta zarce mako biyu, ka tambayi jami'in juri yadda za a riƙa biyanka kashi-kashi, kada ka jira sai an gama.